Operation Snap: ko yana maganin masu kankane layin tsakiya?

A Birtaniya a hagu ake tuƙi, kuma doka ta 264 ta kundin dokokin hanya ta ce a babbar hanya mai layuka da yawa direba ya riƙe layin hagu sai dai idan zai wuce wani, ya koma da zarar ya wuce. Tun Agustan 2013 'yan sanda ke da ikon cin tarar wanda ya lafe a layin tsakiya fam 100 da makin laifi 3 a lasisinsa, a matsayin tuƙin ganganci. Matsalar dai ita ce ba kowane lokaci ake samun ɗan sanda a hanya ba. Giɓin da Operation Snap ke son cikewa ke nan: shafin intanet ne kyauta da rundunonin 'yan sanda da yawa a Ingila da Wales ke karɓar bidiyon kyamarar gaban mota ta cikinsa.

Cike fom ɗin ba wuya, amma sharuɗɗan na da tsauri. Dole lambar motar ta karantu, bidiyon kada a yanke shi ko a gyara, kuma ya nuna abin da ya faru kafin laifin da bayansa. Sai gaggawa: doka ta ba 'yan sanda kwana 14 kacal daga ranar laifin su aika wa mai motar takardar gargaɗin gurfanarwa, shi ya sa wanda ya yi jinkiri ya yi aikin banza. Kada a fara ɗora bidiyon a Facebook, kuma a yarda za a je kotu shaida idan an buƙata.

A kan layin tsakiya ne shafin ya fi rauni. Daƙiƙa goma na mota a tsakiya ba hujja ba ce. Sai an ga layin hagu fayau na tsawon lokaci, direban kuwa ko gezau. Da dare ko cikin ruwan sama, ƙaramar kyamara ba ta kama lamba. Sannan naka tuƙin ma ana dubawa: ka manne masa a baya, ko ka wuce shi ta hagu don haushi, kai za a bi. Ɗaukar bidiyo da waya a hannu kana tuƙi kuwa fam 200 ne da maki 6.

Ga mai ƙetare jar fitilar hanya ko yankan gaba, shafin yana aiki sosai. Ga mai kankane layi, sai da kyamara mai kyau da haƙuri, kuma wasu rundunonin ba sa gaya maka yadda aka ƙare.