Aikin MACI a gwiwa: yana yi, amma sai mai haƙuri

Ƴan uwa da yawa a nan Amurka suna ta tambayata yaya gwiwa bayan aikin MACI, wato tiyatar da ake cike ramin guringuntsin gwiwa da ƙwayoyin guringuntsin mutum na kansa, to amsata ɗaya ce, ya yi min amfani sosai wallahi amma duk mai gaggawa kar ma ya fara.

Ni guringuntsin gwiwata ne ya ɓantare wajen ƙwallo ya bar rami, kuma shi guringuntsi babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa in ya ɓalle ba ya cikowa da kansa komai shan magani komai shafa man zafi. Aikin kuma tiyata biyu ce. Ta farko ƴar ƙarama ce, su zura kyamara a gwiwar su gutsuro ɗan guringuntsinka mai lafiya su aika dakin gwajin kamfanin Vericel a Massachusetts, a can ake renon ƙwayoyin har su yi yawa sannan a shimfiɗa su kan wata ƴar fata siririya ta kolajin, sinadarin da ke cikin fata da guringuntsi. Ta biyun ce babba, likita ya kankare ramin tas, ya yanka fatar daidai girman ramin kamar yadda tela ke yanka faci, ya manna da gam na fibrin. Fatar madogara ce kawai, jiki na cinye ta a hankali, ƙwayoyinka ne ke gina sabon guringuntsin. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da aikin tun 2016, asalin dabarar kuma daga Suwidin ta fito, a 1994 likitocin birnin Gothenburg na can suka fitar da sakamakonsu.

Abin da nake so kowane musulmi ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda, kolajin ɗin nan daga alade ake samo shi. Likitana bai ɓoye min ba, ranar farko ya faɗa, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Na je na tambayi malamin masallacinmu ya yi min bayanin larura sannan hankalina ya kwanta, kai ma ka tambayi naka malamin, kar ka dogara da ni. Akwai kuma wani abin dashe daban mai suna Agili-C da ake yi da murjanin teku, an amince da shi a 2022, shi har ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin yake taimakawa ya gyaru, in raminka ya yi zurfi ka tambayi likita a kansa.

Jinyar ce wahalar. Makonni kana kan sanduna, ga wata na'ura da ke lanƙwasa maka ƙafa tana miƙewa kana kwance awa da awanni, sallah a kan kujera, kuma ranar da na fara kai goshina ƙasa gwiwar ba ta soke ni ba sai da na yi ƙwalla. Gudu da ƙwallo kuwa ka sa wajen shekara a ranka. In ba za ka riƙe zuwa fiziyo, wato wajen masu gashin ƙashi, ba asarar aikin kawai za ka yi.

Masu cewa za su kawo Baba ko Hajiya a yi musu, aikin MACI ba na ciwon gwiwar tsufa ba ne wanda guringuntsin ya cinye ko'ina, na rami ne guda ko fiye da ke da lafiyayyen gefe, kuma ƴan shekara 18 zuwa 55 aka tabbatar da shi a kansu. Kuɗinsa ma ba na aljihu ba ne, ka tabbata inshorarka ta amince a rubuce kafin tiyatar farko.