Fili, kango ko tsohon gida: wanne ya fi dacewa ka sa kuɗinka a Kano?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi yana son sa su a harkar gidaje a Kano, ɗayan abu uku dillalai za su nuna masa: fili a bayan gari, kangon da mai shi ya kasa ƙarasawa, ko tsohon gida a cikin unguwa. Kowanne yana iya yin daraja, sai dai akwai wanda jira kawai za ka yi, akwai kuma wanda da hannunka za ka ɗaga darajarsa.

Fili ya fi sauƙin saye, shi ya sa aka fi rububinsa a wajejen Langel, Ɗanbare, Jaba da gefen titin Zariya. Amma ba ya kawo haya, kuma ban da katanga babu abin da za ka ƙara masa. Zama za ka yi har gari ya iso. Fara tambaya ko awon gwamnati ne ko awon igiya. Awon igiya ya fi araha, amma sau da yawa layukan matsattsu ne, ba a bar hanyar kwata ba, balle filin makaranta. A kula kuma da kududdufin da aka cike da shara aka yanka fuloti. Abin da ka rage a farashi, fandisho zai cinye shi har da ƙari.

Kango yana jan hankali tun da kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, mutane da yawa suka tsaya a linta. Kana iya samun ginin da aka yi da tsohon farashi, wannan riba ce ta gaske. Matsalar ita ce abin da ya fi muhimmanci a gini yana binne: zurfin fandisho, kaurin rodi, yawan simintin da aka sa wa bulo. Ka je da injiniyanka, ba maginin mai sayarwa ba. Karci bulon da ƙusa. In yashi ya zubo kamar gari, ka san an yi ha'inci a kwaɓin. Ka tambayi damina nawa ya sha babu rufi, kuma ko hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ta amince da zanen.

Ni dai a wurina tsohon gidan bulo a unguwar da ta riga ta cika shi ne kan gaba. Ina nufin irin su Hotoro, Tarauni, Gyaɗi-gyaɗi, Kabuga da Rijiyar Zaki, inda titi da wuta da makaranta suka daɗe da zuwa, masu neman haya kuma ba sa yankewa, musamman kusa da Asibitin Malam Aminu Kano ko Jami'ar Bayero. Irin gidan nan fentinsa ya koɗe, silin ya yi taswirar yoyo, banɗaki ɗaya ne a tsakar gida, shi ya sa masu saye suke wuce shi. To a nan kuɗin yake. Sauya kwano, haƙa rijiyar burtsatse in ruwan wurin yana kusa, sa wa kowane sashe banɗakinsa da mitarsa, a fitar masa da ƙofarsa daban. Maigida mai iyali zai ƙara kuɗi da daɗin rai don matarsa ta samu ruwa a gida da wurin da ba a haɗa ta da kowa ba. In gidan yana bakin titi, ɗakin zaure ya zama shago. Tayil mai tsada da adon silin kuwa ido kawai suke burgewa, ba kasafai suke mayar da kuɗinsu a haya ba.

Amma ba kowane tsohon gida ba. Gidan ƙasa a lungun da mota ba ta shiga, filin kawai kake saye, rushewa da kwashe ƙasa kuma a kanka. Gidan da titi ya fi shi tudu, duk gyaran duniya ba zai hana ruwa shiga ba. In da hali ka je dubawa a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ka dubi gindin bango ko danshi ya hau, ka tambayi mai shagon layin inda ruwa ke kwanciya.

Yawancin irin waɗannan gidaje na gado ne, a nan kuma mutane ke faɗawa rami. Kada ka biya don babban wa ya ce ya wakilci kowa. A ga takardar rabon gado, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu a gaban shaidu, da sanin mai unguwa. In akwai 'yan haya a ciki, a san ranar da kuɗinsu zai ƙare.

Batun takarda ya shafi duka ukun. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, takardar mallaka ta gida yawanci ta shekara 99 ce, kuma sauya suna a kanta sai da amincewarsa. Sa lauya ya bincika lambar fayil a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, kan gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, ya isa ya sa mutum ya tambayi asalin wuri, ba takardar hannun mai sayarwa kaɗai ba.

Kafin ka taya, haɗa kuɗin gidan da la'adar dillali da na lauya da ƙiyasin gyara, ka ƙara wani abu a kai saboda farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya. Sannan ka tambayi nawa aka sayar da gyararren gida mai girmansa a layin kwanan nan, da nawa ake biyan hayarsa a shekara. In jimillarka ta kusa kamo wancan farashin, ka bar shi ka duba na gaba.