Na je wajen lauya a kan kuɗin masarata

Wata uku ke nan na ba wani abokina naira dubu 800 ya saro mana masara a kasuwar ƙauye a ajiye sai ta yi tsada mu raba riba, sai ga shi ya dawo min da rabi wai kasuwa ta faɗi. Wallahi raina ya ɓaci, niyyata in kai shi ofishin 'yan sanda a rufe shi, amma yayana ya ce in fara ganin wata barista da ke kusa da kotun majistare ta unguwarmu.

Ofis ne ƙarami a saman bene, fanka ɗaya, na yi jiran kusan awa biyu duk da an ba ni lokaci, wannan kam ban ji daɗinsa ba. Kuɗin ganinta dubu 10.

Amma da ta zauna sai na manta da jiran. Tambayarta ta farko: "Alhaji, ya sayi masarar ko bai saya ba?" Na ce ya saya, na ga buhunan da idona. Sai ta ɗauko Penal Code, dokar hukunta laifuka da aka fara aiki da ita a Arewa tun 1960, ta buɗe sashe na 16 ta fassara min da Hausa: ana cewa mutum ya yi abu da rashin gaskiya ne idan ya yi shi da nufin ya ci ribar da ba hakkinsa ba, ko ya jawo wa wani asara ba bisa ƙa'ida ba. Ta ce sata a sashe na 286, cin amana a 311, duk sai an tabbatar da wannan nufin, kuma mai ƙara ne zai tabbatar, ba wanda ake tuhuma ba. Da ya ɗauki kuɗina ya sayi babur ko ya yi hidimar aure da su, to cin amana ne, har shekara 7 kan iya hawa kansa. Da kuma tun ranar da ya karɓa babu wata masara a ransa, damfara ce. Amma ya saya farashi ya karye? Wannan asarar kasuwa ce, sai dai ƙarar neman hakki in akwai abin da ya rage. Har ta nuna min dokar 'yan sanda ta 2020 da ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya.

Abin da ya fi burge ni ba ta zuga ni don ta ci kuɗina ba, kuma ba ta cika ni da Turanci ba. Ta kira shi muka zauna da rasit da littafinsa aka yi lissafi, ashe akwai dubu 90 da ya taɓa bai faɗa ba, ya amsa, ya sa hannu zai biya a wata uku. Duk mai zuwa ya tafi da rasit da alat ɗin banki, kuma ya je da safe, don bayan azahar layin ba ya tafiya.