Katakon da Ya Dace da Akwatin Sifika a Kano: Abin Dubawa Kafin a Ba Kafinta Kuɗi

Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayo sifiku masu daraja tsirara, wato wufa mai fitar da sauti mai kauri da tuwita mai fitar da siririn sauti, ba tare da gidansu ba, bai kai rabin hanya ba tukuna, domin akwatin da za a dasa su a ciki shi ne zai sa sautin ya fito garau ko kuma ya fito da gunji irin na duro marar komai. Kano ba ta rasa kafintoci ba, kuma da yawansu gwanaye ne a gado da kujeru da kabad, sai dai akwatin sifika sha'aninsa dabam ne. Idan gado ya ɗan buɗe a mahaɗa babu wanda zai sani, amma akwatin sifika da zarar ya sami tsagar da ba ta fi kaurin farce ba, iska za ta riƙa tsiyaya ta wurin, bes ɗin kuma ya kwance. Masassaƙin kalangu yana neman icen da zai amsa ya ƙara wa kiɗa zaƙi, mai akwatin sifika kuwa yana neman wanda zai kame bakinsa, ya bar sifikar ta yi magana ita kaɗai. A kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora kowane katako da aka miƙo.

Allon ɓarɓashin katako da ake kira cifbod ba ya buƙatar dogon bayani: ba ya riƙe sukuru, yana marmashewa a gefe, kuma da shi ake yin akwatunan araha da ke cika shagunan Sabon Gari. Bulok bod ma haka, domin cikinsa sanduna ne aka jera aka lulluɓe, tsakaninsu sau da yawa akwai rami.

Katako zalla, irin loko da madaci da ake samu a 'Yan Katako na Na'ibawa, shi ne abin da zuciyar mai saye take fara karkata gare shi, kuma ni ma nan na fara faɗawa. Na ba wani kafinta aikin akwatuna biyu na madaci a ƙarshen damina, na tambaye shi ko katakon ya bushe, ya ce da ni: "Alhaji, wallahi wannan ya shekara a jingine, ko wuta ka kusanto masa sai ya kama." Aikin ya fito kamar a lashe don kyau. Hunturu na shigowa, wani dare cikin watan Disamba, na ji ƙara kamar an karya kara a falo, da safe na tarar gefen akwati ɗaya ya tsage daga sama har kusan tsakiya. Ba lallai ne mutumin ya yi mini ƙarya da gangan ba, domin abin da suke kira busasshe a watan Satumba danshin damina ne a cikinsa. Yawancin manyan katakai daga dazuzzukan kudu ake lodo su, inda iska ke da laima kusan duk shekara, sai a kawo su garin da laimar iska kan haura kashi 70 cikin ɗari a watan Agusta, ta kuma faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Ice yana shan wannan laima yana amayar da ita, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan bai motsi. Allo mai faɗin santimita 30 zai iya tsukewa da milimita huɗu ko biyar tsakanin yanayin biyu, kuma idan an ɗaure shi da gam ta kowane ɓangare huɗu, ba shi da hanyar tsukewa sai ta tsagewa. Kamfanin Sonus Faber na Italiya yana amfani da katako zalla a wasu akwatunansa, amma sirara-sirara ake yanka shi a haɗa bayan an busar da shi a tanda, kuma ba hunturun Kano aka yi wa lissafi ba.

MDF, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka danne da zafi, shi ne abin da mafi yawan kamfanonin sifika suke amfani da shi, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Yana da nauyi, domin falle ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 da kaurin milimita 18 yakan kai wajen kilo 40, ba shi da rami, ba shi da jijiya, idan an ƙwanƙwasa shi amonsa a mace yake, yana kuma karɓar fenti da kyau. Aibinsa ruwa. Rana ɗaya da ruwan sama ya shigo falo, ko mai goge daɓe ta riƙa bin ƙarƙashinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ƙasansa zai kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa yadda yake. Sukurun da aka ɗaura a gefensa yakan raba shi biyu, ƙurarsa kuma tana cutar da ƙirji, saboda haka a tabbata yaran shago sun sa takunkumi lokacin yanka.

Abin da na tsaya a kansa, kuma nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne filawud na icen bac (birch a Turance), wanda ake yi a Rasha da Finlan da Latbiya. Na milimita 18 falle 13 ne siraran gaske, duk na ice iri ɗaya tun daga fuska har ciki, an jera su kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa. Wannan gittawa ita ce maganin abin da ya tsaga mini madaci, domin duk fallen da ya so tsukewa sai maƙwabcinsa ya riƙe shi, allon kuma ya zauna daram damina da rani. Ya fi MDF ƙarfi nesa ba kusa ba alhali ya ɗan fi shi sauƙin nauyi, yana riƙe sukuru ko da an kwance an mayar sau da yawa, kuma ɗan jiƙewa ba ya kashe shi. Ba yau aka gane haka ba. Ƙaramar sifikar nan ta BBC mai suna LS3/5A, wadda aka fitar a tsakiyar shekarun 1970 don injiniyoyinsu su riƙa sauraren murya a cikin motocin watsa shiri, akwatinta filawud na bac ne mai kaurin milimita 12, an liƙa masa faifan kwalta daga ciki don kashe rawar bango, kuma har yau masu kunne suna nemanta ido rufe. Darasin da ke cikin wannan shi ne filawud yana da ɗan amo fiye da MDF, saboda haka yana son a ɗaure shi daga ciki da ginshiƙai masu haɗa bango da bango, a kuma liƙa masa wani abu mai nauyi da taushi. Fuskar da za a dasa wufa a kanta gara a ninka ta biyu ta zama milimita 36. Wanda kuma ransa ke kan kyan madaci ko sapele, icen da ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta, sai a lulluɓe akwatin da siririn ɓawonsa, ya sami kyan ba tare da tsagewar ba. A nan ma a kula da gam: na roba irin na masu gyaran takalmi yakan saki a zafin watan Afrilu, ɓawon ya tashi ƙuraje-ƙuraje, don haka farin gam na katako da matsi na kwana guda shi ne daidai.

Matsalar ita ce samun na gaskiya. Ni sai da aka aiko mini da shi daga Legas, kuma tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya dagula cinikin katakon yankin ya ƙara wuya da tsada. Inda abu ya yi tsada kuwa nan jabu yake samun kasuwa. Akwai filawud da fuskarsa kaɗai ce bac, siririya kamar takarda, cikinsa kuma ice ne mai taushi falle bakwai ko tara, da ramuka da wuraren da falle ya hau kan falle. Daga sama ba za a bambanta su ba, kuma gefen da mai shago zai nuna galibi an shafe shi da fenti ko an cike ramukansa. Kada a yarda da gefen da aka zo da shi daga masana'anta. A biya kuɗin yanka, a sa a tsaga allon a tsakiya a gaban idon mai saye, a ƙirga fallayen ɗaya bayan ɗaya, a duba ko kaurinsu ɗaya ne kuma launinsu ɗaya. Sikeli ma shaida ne da ba ya karɓar toshiya: bac na gaskiya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 da kaurin milimita 18 yakan kai wajen kilo 36, idan aka ga yaro ya ɗaga falle da hannu ɗaya yana dariya, to a san ba shi ba ne.

Sai kuma abin da ake kira marin bod, mai baƙar fuska ko ja mai santsi, wanda wasu za su rantse cewa ya fi komai tunda ba ya jin ruwa. Wannan allon zuba kankare ne na magina, an yi shi don a yi zubi da shi sau kaɗan a yar, kuma mai arahar cikinsa guntaye ne na tsofaffin alluna aka harhaɗa. Santsin fuskarsa ma ba ya barin gam ya kama. Haka nan kalmar HDF, wato allo irin MDF amma da aka fi dannewa, da ta zama ruwan dare a bakin masu kabad: sau da yawa MDF ne ko ma cifbod aka lulluɓe da leda mai ƙyalli, aka rufe gefensa da tef don kada a ga ciki. A ɓare tef ɗin a duba. Kauri shi ma ana cin amanarsa, domin allon da aka sayar da sunan milimita 18 ana iya aunawa a tarar 15 ko 16 ne, saboda haka a tafi kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu. Akwai kuma dabarar da ta fi duk waɗannan ciwo, wadda ba a kasuwa ake yin ta ba sai a shago: mai aiki ya karɓi allo mai kyau, ya yi fuska da gefuna da shi, ya sa na banza a baya da ƙasa da ginshiƙan ciki, ragowar kuma ta tafi aikin wani. Maganinta a sa hannu da alƙalami a wurare da dama a kan kowane falle kafin a miƙa shi, a kuma yi sharaɗi cewa ba za a rufe akwati ko a shafa masa fenti ba sai mai shi ya zo ya leƙa ciki.

Awo ma wuri ne da ake yawan samun saɓani, ko da babu mugun nufi. Girman cikin akwati ba da ido ake zaɓarsa ba, ana lissafa shi ne daga alƙaluman da kamfani yake bayarwa tare da kowace wufa, waɗanda suka samo asali daga aikin Neville Thiele na Ostireliya a 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970. Kafinta kuwa ya saba auna kaya daga waje. Idan aka ba shi santimita 22 da 38 da 30 ana nufin ciki, wato lita 25, shi kuma ya ɗauka waje ake nufi, to da allon milimita 18 abin da zai rage a ciki bai kai lita 17 ba, kashi ɗaya cikin uku ya tafi ke nan. A rubuta masa awon kowane falle dabam a takarda. Idan akwatin mai bututun iska ne, faɗin bututun da tsawonsa su ma lissafi ne, kada a bari a datse shi don ya yi daidai da ragowar fayif ɗin da ke shago.

Ranar karɓar aiki a ƙwanƙwasa kowane bango da bayan yatsa, a saurari amo gajere mai kauri, duk inda ya yi kuwa kamar ƙwarya to ginshiƙi ya yi kaɗan a wurin. A sa fitilar waya a ciki a ɗaki mai duhu a bi mahaɗai ana neman haske. Bayan an dasa sifika, idan rufaffen akwati ne, a tura faifan wufa ciki a hankali da yatsu a ji iska tana turjewa, sannan a kunna sauti mai zurfi a zagaya mahaɗai da turaren tsinke, inda hayaƙi ya yi rawa nan iska take fita. Ni dai a yanzu ba na biyan cikon kuɗin aiki gaba ɗaya sai an yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma ina ba da aikin ne a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da allo ya riga ya sha hunturu ya tsuke iyakar tsukewarsa, sannan in sa a shafe ciki da waje da banish tun kafin ruwan farko ya sauka.