Dan Allah ku yi hattara da masu cewa za su gyara muku makin IELTS ko su ba ku satifiket ba tare da kun zauna jarabawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin amma sai in riƙa jin nauyi, saboda ƙanina ne abin ya faɗawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekaranjiya dai da bakinsa ya ce min Yaya ka rubuta kawai, in dai ba za ka sa sunana ba, ko mutum ɗaya ya tsira ai an rage asara. To shi ya sa na zauna.

Yaron nan ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, amma da sharaɗi, sai ya kawo sakamakon IELTS mai 6.5 a jimla kuma kada ko ɓangare ɗaya ya gaza 6.0. Ga wanda bai sani ba, jarabawar gwada iya Turanci ce, kuma kashi huɗu ce, sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne ana ba da maki har zuwa 9. Ya yi shirinsa ya zauna, da sakamako ya fito sai ga 6.5 a sauraro, 6.0 a karatu, 6.5 a magana, rubutu kuma 5.5, jimla 6.0. Rabin maki ne fa ya tsaya masa a wuya, ku riƙe wannan don zan dawo kansa. Cikin ɓacin rai ya shiga wani gurup na masu neman sikolashif a Facebook ya rubuta abin da ya same shi yana neman shawara, ba a yi awa biyu ba wani ya biyo shi ta bayan fage, ya yi sallama cikin ladabi, yana ta kiransa ɗan'uwa, wai ya ga abin da ya rubuta ya tausaya masa, shi ma haka ta taɓa faruwa da shi, amma akwai wani oga da ke aiki a ciki, shi ke shigar da maki a kwamfuta, zai iya ɗaga masa rubutun nan ba wanda zai sani.

Daga nan aka koma Telegram. Aka turo masa hotunan satifiket kusan goma an rufe sunaye, da muryoyin mutane suna ta godiya wai sun sauka Kanada lafiya. Aka ce ya turo hoton shafin fasfo ɗinsa, da lambarsa ta jarabawa, da hotonsa, ya biya rabin kuɗi, sauran sai ya ga aiki da idonsa. Wannan maganar ta sai ka gani ka cika ita ta kwantar masa da hankali, ya ce a ransa ai ɓarawo ba zai yarda da rabi ba. Kwana huɗu sai ga adireshin wani shafi, aka ce ya shiga ya duba. Ya shiga, ya sa lambarsa, sai ga sunansa ga 7.5 ɓaro-ɓaro. Wallahi ya ce min a daren nan bai yi barci ba don murna, washegari ya cika sauran kuɗin.

Bayan ya cika ne labari ya canza. Wai sai an biya wanda zai buga hatimi. Ya biya. Wai an canza ma'aikacin da ke kula da rumbun bayanai, sabon sai an ga bakinsa in ba haka ba makin zai koma yadda yake. Ya ranto ya biya. Da ya ce ba shi da ko sisi kuma, sai ɗan'uwan nan mai ladabi ya rikiɗe, ya ce to ka sani fasfo ɗinka yana hannunmu, hirarmu duk muna da ita, ko ka turo ko mu aika wa jami'ar da ofishin biza cewa ka nemi sayen sakamako. A nan ne ya zo ya same ni, hannunsa na rawa ya miƙo min wayar, ya kasa ma magana sai Yaya duba, Yaya duba.

Na karɓa na duba. Adireshin shafin da suka ba shi an ƙara harafi ɗaya a tsakiyar sunan, in ba ka ƙura ido ba ba za ka lura ba, shafi ne da suka gina da kansu, duk abin da suka rubuta shi zai nuna maka. Sannan satifiket ɗin da suka turo masa da sunansa, hoton da ke jiki shi ne wanda ya ɗauka a ɗakinsa, har labulensa shuɗi ana hangowa a bayan kunnensa. Alhali hoton da ke kan takardar gaske a cibiyar jarabawa ake ɗaukarsa ranar da ka je zama, ba kai ke kawowa daga gida ba. Muka shiga asusunsa na ainihi inda ya yi rajista, 5.5 ɗin nan tana nan zaune ko motsi ba ta yi ba.

Abin da nake so kowa ya gane shi ne, takardar da kake riƙewa a hannu ba ita jami'a ke dogara da ita ba. IELTS mallakar hukumomi uku ce, British Council da IDP ta Ostiraliya da Cambridge, kuma kowace takardar sakamako tana da lambarta, jami'o'i da ofisoshin biza suna da ƙofarsu ta musamman da suke shiga su sa lambar nan su ga makinka da hotonka kai tsaye daga wurin masu jarabawar. Ko da an buga maka takarda mai ƙyalli da hatimi goma, minti ɗaya ya ishi ma'aikacin jami'a ya ga babu ita. Sauran jarabawowin neman karatu a waje ma kowacce da hukumarta, TOEFL da GRE na ETS ne, SAT na College Board, GMAT na GMAC, PTE na Pearson, su ma ainihin sakamakon daga wurinsu yake tafiya zuwa makarantar da ka zaɓa. Ga kuma ɓangaren magana na IELTS, minti 11 zuwa 14 kake yi da mai jarabawa kuma ana naɗar muryarka. To mutumin da bai taɓa zama ba, ina muryarsa, ina rubutunsa, ina hoton ranar? Mai sayar maka da satifiket ba tare da ka zauna ba ya san duk wannan sarai, ya dai san kai ne ba ka sani ba, kuma ya san lokaci ya ƙure maka.

Ba salo ɗaya gare su ba kuma. Akwai masu cewa suna da tambayoyin da za a yi ranar Asabar, ka biya a turo maka daren Juma'a, abin da za su turo tsofaffin tambayoyin gwaji ne da ke zube kyauta a intanet. Musamman masu yi wa yara wannan ƙaryar a kan SAT, jarabawar shiga jami'a a Amurka, tun watan Maris na 2023 ɗaliban da ke wajen Amurka a kwamfuta suke yinta ta manhajar Bluebook, kuma kashi na biyu na tambayoyin yana danganta ne da yadda ka yi a kashin farko, na kusa da kai ma ba lallai tambayoyinku su zo ɗaya ba, to wace takarda ce wani zai sato maka? Akwai masu cewa za su samo wanda zai zauna maka, ko kuma in jarabawar gida ce irin ta Duolingo ko GRE da TOEFL na gida, ka sa wata manhaja a laftof ɗinka su riƙa amsawa daga nesa kai kana motsa hannu kawai. Ana kallonka ta kyamara, ana naɗa, ana iya soke sakamakon ko bayan ya fito, sannan ka buɗe wa wanda ba ka sani ba ƙofar kwamfutarka da duk abin da ke cikinta, imel, hotuna, bayanan banki. Sai kuma ejan ɗin da zai ce kawo kuɗi in yi maka rajista da rangwame, ya turo maka takardar shaida ta bogi, sai ranar jarabawa ka je bakin ƙofa a duba a ce babu sunanka. Dan Allah ku yi rajista da kanku a shafin masu jarabawar, da imel ɗinku, da lambar sirrin da ku kaɗai kuka sani, in ma wani zai taimaka maka ya zauna kusa da kai kana gani.

Wani zai ce to ai akwai waɗanda suka yi kuma ta fisshe su. Ni abin da na sani shi ne inda aka taɓa samun maguɗin gaske ma ƙarshensa kuka ne. A 2014 shirin Panorama na BBC ya ɗauki hoton sirri a wasu cibiyoyin jarabawar Turanci ta TOEIC a Ingila, aka ga ana karanta wa ɗalibai amsa, wasu kuma ana zauna musu. Abin da ya biyo baya, gwamnatin Birtaniya ta soke bizar ɗalibai sama da dubu 30, kuma abin tausayin har da waɗanda suka ce da guminsu suka ci, suka shafe shekaru suna shari'a don wanke sunansu, karatu ya lalace, kuɗin iyaye ya tafi. A Amurka kuma a 2019 aka bankaɗo harkar Rick Singer, wanda attajirai ke biya ana gyara wa 'ya'yansu amsoshin jarabawowin shiga jami'a na SAT da ACT, 'yar fim Felicity Huffman ta biya dala dubu 15 aka yanke mata kwana 14 a kurkuku, shi kuma Singer shekara uku da rabi. Masu kuɗi da manyan lauyoyi kenan fa. Kai da kake neman biza, in ka miƙa takardar bogi Birtaniya na iya hana ka shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, Amurka kuwa ƙarya a neman biza tana iya rufe maka ƙofa har abada. Kuma ba za su karɓi uzurin ejan ne ya yi min ba, sunanka ne a fom ɗin, kai ka sa hannu. Ni har hamdala na yi da ƙanina bai kai ga tura takardar nan jami'a ba, Allah ne ya tsare.

Yanzu in dawo kan rabin makin nan, don shi ya fi ci min rai fiye da kuɗin. A lissafin IELTS in matsakaicin makinka ya ƙare a 6.25 ana ɗaga shi zuwa 6.5. Ku haɗa nasa ku gani, 6.5 da 6.0 da 6.5, in rubutu ya zama 6.0 jimla 25, a raba huɗu 6.25, ya cika sharaɗi kenan cif. Kuma akwai hanyoyi biyu na halas a gabansa. Yana iya neman a sake duba takardarsa, ana ba da sati 6 daga ranar jarabawa, wani babban mai duba ne daban zai sake bi, in makin ya ƙaru ma a mayar maka da kuɗin da ka biya na dubawar. Ko kuma ya sake zama ɓangaren rubutu kaɗai, akwai wannan tsarin yanzu ga wanda ya yi a kwamfuta a cibiyar da ke bayarwa, cikin kwana 60, sai dai ka fara tambayar jami'arka ko tana karɓa don ba duka ke karɓa ba. Duk kwanakin nan ya ƙone su yana jiran oga na ciki, kullum gobe, kullum jibi, har wa'adin biyun suka wuce. Kuɗin da ya zuba musu ya isa ya sake zama jarabawar gaba ɗaya sau uku. Jami'o'i da yawa a Ingila ma suna da kwas ɗin Turanci na 'yan makonni kafin fara karatu ga wanda makinsa ya ɗan gaza, imel ɗaya zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai da ya ji wannan, amma kunya da gaggawa suka hana shi tambayar kowa, har ni da muke kwana gida ɗaya.

In kai ma ka riga ka faɗa hannunsu, dan Allah kar ka ƙara tura ko kwabo, barazanar nan ba ta ƙarewa da biya, in ka biya yau gobe ma za su dawo. Mu abin da muka yi, muka ɗauki sikirinshot na hirar gaba ɗaya da lambobin asusun da ya tura kuɗi, muka kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda, muka rubuta wa masu jarabawar ta adireshinsu na gaskiya, ya canza duk lambobin sirrinsa, sannan ya yi blokin ɗinsu. Barazanar kai ƙara jami'a har yau shiru. Amma hoton fasfo ɗin yana hannunsu, wannan kam muna ta addu'a kada su yi wata ɓarnar da sunansa. Sati biyu bayan nan wata ta sake tuntuɓarsa wai ita ƙwararriya ce wajen ƙwato kuɗin waɗanda aka damfara, a biya ta kaɗan ta fara aiki, to wa ya faɗa mata an damfare shi in ba su ɗin ba ne?

Jami'ar ta yarda ta ɗage masa gurbin zuwa zango mai zuwa, alhamdulillahi. Yanzu kullum bayan isha'i yana zama ya rubuta kalma 250 a kan tambaya ɗaya ni ina riƙe masa agogo minti 40, kamar yadda za a yi ranar jarabawa, kuma a hankali ina ganin hannunsa na faɗawa.

Su kuwa mutanen nan suna nan ba su daina ba, sun canza suna da hoton fuska kawai. Jiya wani abokinsa ya turo mana sabuwar tallarsu a wani gurup ɗin, jerin satifiket na waɗanda wai suka yi wa aiki, an rufe sunaye da rabin fuska. Na uku a jerin mai 7.5 ne, da shuɗin labule a bayan kunne. Ƙanina ne, kuma har yau makinsa na rubutu 5.5 ne.