Cibiyar Kamfani ko Gareji Mai Zaman Kansa: Ina Za a Kai Motar Lantarki Gyara?

Malam, tambayar da ka ajiye mana ita ce: motarka ta lantarki ta shiga shekararta ta huɗu, garantin da ya rufe motar baki ɗaya yana dab da ƙarewa, ka fara jin ƙwanƙwasa a ƙafar gaba idan ka hau gargada, na'urar sanyaya cikin motar kuma ta rage sanyi, saboda haka kana son sanin ko ka ci gaba da kai ta cibiyar gyara ta kamfanin da ya ƙera ta, ko kuwa lokaci ya yi da za ka koma gareji mai zaman kansa. Na yi hulɗa da wuraren biyu, na kuma daɗe ina sauraron masu irin waɗannan motoci, kuma abin da na fahimta shi ne ingancin gyara ya fi rataya a kan ɓangaren da ya lalace a jikin motar fiye da sunan da aka rubuta a ƙofar wurin gyaran.

Motar lantarki tamkar mota biyu ce a jiki ɗaya. Akwai ɓangaren da kowane bakanike ya saba da shi: taya, birki, shokazoba, sitiyari, gilashi, ƙofofi da ƙaramin batir mai volt 12 wanda ke kunna fitilu da kwamfutocin motar. Akwai kuma ɓangaren babbar wuta, wato babban batir, injin lantarki, na'urar da ke juya wutar batir zuwa wadda injin ke sha, cajar da ke cikin motar, da wayoyi masu launin ruwan lemu da ke haɗa su. A yawancin motoci ƙarfin wannan wuta ya kai kimanin volt 400, a irin su Porsche Taycan, Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 kuwa yana kusan volt 800, wanda ya isa ya kashe mutum nan take. Duk muhawarar da masu motoci ke yi a kan wurin gyara, idan ka bi ta a hankali, za ka tarar wani yana magana ne a kan ɓangaren farko, wani a kan na biyu, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa bai san abin da yake faɗa ba.

Abin da cibiyar kamfani ta fi kowa da shi shi ne manhaja da kuma ikon yin gyara a kan garanti. Kwamfutar bincikensu tana karanta abin da na'urorin kasuwa ba sa gani, kuma akwai sassan da ko an saka sababbi ba za su yi aiki ba sai an yi musu rajista da kwamfutar motar ta hanyar manhajar kamfani. Haka nan idan aka yi wa mota kiranye, wato kamfani ya nemi a dawo da ita a gyara saboda aibin ƙira, a can kaɗai ake yin aikin. A watan Agustan 2021 kamfanin General Motors ya faɗaɗa kiranyen Chevrolet Bolt zuwa dukkan waɗanda ya ƙera, fiye da 140,000, bayan an gano aibi biyu a cikin wasu ƙwayoyin batir na LG waɗanda idan suka haɗu a ƙwaya ɗaya suna iya tada gobara. A wannan shekarar dai Hyundai ya kira motoci kimanin 82,000, akasarinsu Kona, domin sauya musu batir. Dubban mutane sun sami sababbin batura ba tare da sun biya komai ba, abin da babu garejin da zai iya yi musu komai ƙwarewarsa.

Sai dai su ma cibiyoyin kamfani iri biyu ne, kuma ƙorafin da ake yi a kansu ya bambanta. Tesla ba shi da dillalai, shi ne da kansa yake riƙe da cibiyoyinsa. Mai mota yana neman rana ta manhajar waya, ƙananan ayyuka ana turo bakanike har inda motar take, wasu matsalolin ma ta intanet ake gyara su, kamar kiranyen motoci fiye da miliyan 2 da aka yi a Amurka a watan Disamban 2023, wanda aka magance da sabunta manhaja daga nesa. Masu waɗannan motoci sukan yaba da wannan sauƙi, amma sukan koka da cewa idan aiki ya kwaɓe ba ka da wata cibiyar da ba ta kamfanin ba da za ka kai ƙara ko ka nemi ra'ayi na biyu, kuma samun mutumin da za ka yi magana da shi baki da baki yakan yi wuya. Tsofaffin kamfanoni kuwa ta hannun dillalai suke gyara, kuma a nan matsalar ita ce dila yana iya samun makanikai da yawa amma ɗaya ko biyu ne kawai aka horar a kan babbar wuta, don haka idan mutumin ya tafi hutu motarka ta zauna ke nan. Masu Ioniq 5 da EV6 da na'urar cajin ƙaramin batirinsu ta lalace, wadda ta jawo kiranye har sau biyu a 2024, da yawa daga cikinsu sun ce gyaran kansa bai dame su ba, jiran isowar kayan ne ya ɗaga musu hankali.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cibiyoyin kamfani, wadda a ganina ita ce babban rauninsu: ba sa buɗe na'ura su gyara abin da ya lalace a ciki, sauya ta suke yi ɗungurungum. Muddin garanti na nan wannan alheri ne gare ka, domin sabon abu za ka samu. Ranar da garanti ya ƙare kuwa, wannan ɗabi'a ce za ta sa a rubuta maka kuɗin na'ura guda saboda abin da bai kai girman farce ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na babban allon motocin Tesla Model S da Model X na farko-farko. A cikin kwamfutar allon akwai ɗan guntun ma'adanar bayanai mai gigabait 8 wanda ke gajiya saboda yawan rubutun da ake yi a kansa, idan ya mutu allon ya yi baƙi, kyamarar baya ta tafi. Tsawon lokaci waɗanda garantinsu ya ƙare suna biyan kuɗin sauya kwamfutar baki ɗaya, alhali masu gyara masu zaman kansu suna cire guntun kawai su liƙa wani mafi girma. Sai a watan Fabrairun 2021 kamfanin ya yi kiranyen motoci kimanin 135,000 a kan wannan matsala.

Wannan shi ne inda gareji mai zaman kansa yake da bakin magana, amma dole a rarrabe tsakanin garejin da ya ƙware a motar lantarki da wanda kawai ya yarda ya karɓe ta. Ƙwararren yana iya buɗe batir ya auna ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Batirin Nissan Leaf na farko, wanda ya fito a 2010, dami 48 ne, kowane dami da ƙwayoyi 4, kuma sau da yawa dami ɗaya ne ke raunana ya ja sauran ƙasa. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sauya wannan damin da wani mai kusan ƙarfin sauran, ya daidaita su, ya rufe batirin yadda ruwa ba zai shiga ba, ya kuma gwada rufin kafin ya mayar da shi. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne ke bambanta gwani da ɗan koyo, domin batirin da aka buɗe aka rufe da ganganci zai yi aiki lafiya lau har ranar da ka shiga ruwa. Ko ƙwararren ma yana da iyaka: wasu sababbin motoci, kamar Tesla Model Y da aka fara ƙerawa a Texas a 2022, batirinsu ya zama wani ɓangare na ƙashin motar, an kuma cika tsakanin ƙwayoyin da kumfa mai tauri, ta yadda buɗe shi ba tare da lalata shi ba abu ne mai matuƙar wahala.

Garejin da bai ƙware ba kuwa, ɓarnarsa ba ta cika zuwa ta wajen babbar wuta ba, domin tsoro yakan hana su taɓa wayoyin ruwan lemu. Ta wajen aikin da suke ganin sun iya take zuwa. Na taɓa kai motata sauya taya, ina tsaye yaron garejin ya tura jak ƙarƙashinta ya fara ɗagawa a inda ya saba ɗaga kowace mota, ban ankara ba sai da na ji ƙarar ƙarfe yana lotsawa, ashe a kan murfin batir ya ɗora. Allah ya sa lotsawar ba ta kai ga ƙwayoyi ba, amma da ta kai, da ba kamfanin da zai karɓi wannan a matsayin aibin ƙira. Tun daga ranar nake yawo da 'yan robobin da ake sakawa a wuraren ɗagawa guda huɗu, kuma ni nake nuna wurin da hannuna. Irin wannan kuskuren yana jiran na'urar sanyayarka ma. Kwamfiresan motar lantarki da babbar wuta yake aiki, kuma injinsa yana cikin mai da iskar gas ɗin, don haka a motoci da yawa man da ake zuba masa na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Idan aka zuba masa wanda bai dace ba, ko aka yi amfani da na'urar cikawa wadda ta gurɓata da wani man, kwamfutar motar tana iya gano yoyon wuta ta ƙi barin motar ta tashi, garin neman gira a rasa ido.

Game da tsoron da kake yi na cewa garanti zai faɗi idan wani ya taɓa motar, doka a ƙasashe da dama ba ta goyi bayan haka ba. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi aiki a wani gareji, sai idan aikin ne ya jawo lalacewar, kuma Tarayyar Turai tana da ƙa'ida mai kama da haka tun kafin motocin lantarki su yawaita. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne rasit da rubutaccen bayanin duk aikin da aka yi su ne garkuwarka. Ka kuma tuna garantin babban batir daban yake da na sauran mota, kuma ya fi shi tsawo: a mafi yawan kamfanoni shekara 8 ne ko kimanin kilomita 160,000, galibi da alkawarin cewa batirin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Ke nan kana da sauran kimanin shekara huɗu da bai kamata kowa ya kwance ko da noti ɗaya a jikin batirin ba in ba kamfani ba.

Gyaran jikin mota bayan haɗari wani babi ne, kuma a nan zaɓi kaɗan ne, domin jikin alminiyam da manyan sassan da aka zuba guda ɗaya suna buƙatar garejin da kamfani ya amince da shi, inshora ma takan nace a kan haka. Tsadar irin wannan gyara tana cikin dalilan da kamfanin hayar motoci na Hertz ya bayar a watan Janairun 2024 lokacin da ya sanar da sayar da motocinsa na lantarki kimanin 20,000. Dogaro da kamfani kaɗai shi ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda masu motar Fisker Ocean suka gani da kamfanin da ya ƙera ta ya durƙushe a watan Yunin 2024, suka koma haɗa kai da masu gyara masu zaman kansu domin neman kayan gyara da manhaja.

Dangane da matsalolinka biyu, da ni ne da na nemi rana a cibiyar kamfani a wannan makon, tun garanti bai ƙare ba, na kuma tabbata an rubuta ƙorafin biyu a takarda da kwanan wata da adadin kilomitar da motar ta yi, domin ƙorafin da aka rubuta kafin wa'adi ya cika ya fi sauƙin karewa ko da gyaran ya zo daga baya. Ƙwanƙwasar ƙafar gaba mai yiwuwa robobi ne ko mahaɗin hannun ƙafa, waɗanda nauyin batir ke sa su saurin gajiya; ka nemi bakaniken ya shiga motar tare da kai ku bi ta gargada ya ji da kunnensa, in ba haka ba za a dawo maka da ita a ce ba a ji komai ba. Na'urar sanyayar kuwa kada ka ɗauke ta a matsayin abin jin daɗi kawai, domin a motoci da yawa ita ce ke sanyaya batir lokacin caji mai sauri.

Bayan garantin ya ƙare, taya, birki, ƙafa da ƙaramin batir duk gareji mai kyau zai yi maka su, sau da yawa da kulawar da ta fi ta cibiya mai cunkoso. Birkin ma ka riƙa sa a kwance shi a wanke a shafa masa mai lokaci-lokaci, domin injin ne ke yin yawancin tsayar da motar, shi kuma birkin rashin aiki ke sa shi tsatsa ya cije. Kafin ka bar motar a sabon wuri, ka tambayi mai garejin wane horo ya yi a kan babbar wuta, ka nemi ganin safar hannunsa ta roba mai jure volt 1,000, sannan ka ce ya bayyana maka yadda yake kashe wutar motar kafin ya fara aiki. Wanda ya san aikin zai gaya maka yana cire makatsar babban batir, ya jira wasu mintoci wutar da ta taru a na'urori ta sauka, sannan ya auna da mita ya tabbatar babu saura kafin ya sa hannu. Wanda ya ce maka kashe motar da cire makulli ya wadatar, ka bar masa taya kawai, ita ma kana tsaye a kansa lokacin da zai sa jak.