Saƙo ga Yaya daga bakin tekun Scarborough

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya ƙafar Hajiya, ya yara da karatu? Kin ce hotunan da na turo ba su ishe ki ba, sai kin ji labari dalla-dalla, to ga shi.

Garin sunansa Scarborough, yana arewa maso gabashin Ingila, a bakin Tekun Arewa. Daga Leeds jirgin ƙasa muka shiga, ya bi ta York. Ummi ba a biya mata ko sisi ba, domin a nan yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta yake shiga jirgi. Tikitin manya kam akwai tsada, musamman in mutum bai saya tun da wuri ba.

Kayan da ake sayarwa a bakin ruwan ba su burge ni ba. Mun sayi bokitin roba da ɗan shebur na wasan yashi, ƴan China, kafin la'asar hannun bokitin ya cire. Wallahi robar da kamfanonin Sharaɗa ke yi ta fi wannan ƙwari nesa ba kusa ba, ga shi fam ɗaya kusan naira 2,000 ne, in kika lissafa sai ranki ya ɓaci. Abu biyu ne na yaba. Akwai famfas na musamman na shiga ruwa, wanda ba ya shan ruwa ya kumbura ya yi wa yaro nauyi. Sai man kariya daga rana mai lamba 50. Na san za ki ce me rana za ta yi wa baƙar fata a ƙasar da ba ta da rana, amma ma'aikatan lafiya a nan suna cewa a shafa wa kowane yaro, ni kuwa na shafa mata. Sai dai ba rana ce ta dame mu ba, sanyi ne. A watan Agusta fa, amma ruwan kamar na randa da asubar hunturu. Ummi ta tsoma ƙafa ɗaya, ta ɗauke numfashi, ta maƙalƙale wuyan Abbanta. Daga nan yashi ta koma, da rigar sanyi a jikinta, tana cika bokiti tana zubarwa har ta yi barci a cinyata.

Jakai ma akwai, Yaya! Ana biya a ɗora yaro ya ɗan zaga a kan yashi. Kowane jaki da sunansa a rubuce a linzami, hukumar gari ke ba mai su lasisi, likitan dabbobi yana duba su, kuma ba a yarda babba ya hau. Na tuna jakan da ke kai taki gona a ƙauyenmu, da irin gyambon da ke bayansu, sai tausayi ya kama ni.

Abincinsu na bakin teku soyayyen kifi ne da dankalin Turawa. Kifin sabo ne, fari tas, ba ƙaya, amma salam yake, gishiri kawai da ruwan tsami. Ba zai kama ƙafar tarwaɗar da ta sha yaji da albasa ba. Kuma dole Musulmi ya tambaya kafin ya saya, domin a wannan yanki shaguna da yawa da kitsen saniya suke suya, wanda ba yankan Musulunci ba, wasu kuma da giya suke kwaɓa ƙullun da ake tsoma kifin a ciki kafin a soya. Da muka tambaya ba su ji haushi ba, aka gaya mana gaskiya, har aka nuna mana shagon da ke amfani da man girki. Akwai kuma wasu manyan fararen tsuntsayen teku marasa tsoron mutum, ɗaya ya fizge dankali daga hannun Ummi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ba mu biya kuɗinsa ba. Bakin tekun ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗin shiga. An kafa tutoci biyu masu ja da ɗorawa, kuma tsakaninsu kaɗai ake so a shiga ruwa, domin nan masu ceto suka zuba ido. In aka ɗaga jar tuta zalla, kowa ya fito ke nan. Masu ceton matasa ne maza da mata, da abin hangen nesa da kayan taimakon gaggawa, a tsaye wuni guda. Ƙungiyarsu RNLI ba ta gwamnati ba ce, ta agaji ce, tun 1824 aka kafa ta, kuma mafi yawan kuɗinta gudummawar jama'a ce. Ruwan teku sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, kuma suna rubuta lokacin a allo. Muna zaune wata daga cikinsu ta zo ta durƙusa daidai tsayin Ummi, ta gaishe ta, sannan ta ce mana mu matsa sama don ruwa ya fara dawowa. Ba a jima ba inda muka shimfiɗa zani ya zama ruwa.

A nan hankalina ya dawo gida. Duk damina sai mun ji kududdufi ya ci yaro a Kano, a yi jana'iza, a yi ta'aziyya, baɗi a maimaita. Mu da muke haɗa kuɗin gyaran maƙabarta da na gina masallaci, ba za mu gaza kewaye kududdufin bayan gidan Kawu ba, ko mu ɗauki matashi ɗaya da ya iya iyo ya riƙa tsaronsa daga Yuli zuwa Satumba. Don Allah ki sa Yaya Babba ya kai maganar gaban mai unguwa. Abban Ummi ya ce zai sa nasa kason, ni ma haka.

Ta wani fannin kuma gida ya fi. A nan ba mai karɓar miki yaro ko na minti biyar, sai dai a yi masa murmushi a wuce. Ni da Abbanta karɓa-karɓa muka riƙa yi, ɗaya ya yi salla ɗaya ya riƙe ta. Banɗakunan da tsabta, har da wurin canza wa yaro famfas, amma babu buta, sai da gorar ruwa a jaka. Ɗakin da muka kama ƙarami ne, ko da yake sun ba mu gadon yara da muka nema.

In kin samu mai tahowa, ki aiko mini da yajin ƙuli da kuka da daddawa, a ɗaure su sosai. Ki gaida Hajiya, ki ce takwararta ta fara haɗa kalma biyu.